Faifan Stevie Wonder na 1976 da na tsinta a akwatin Baba

Ɗan Kakuri:
Salam jama'a. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin marigayi Babanmu sai na ci karo da faifan garmaho guda biyu a kwali ɗaya, Songs in the Key of Life na Stevie Wonder, kwalin ya sha jiki amma faifan ko ƙwarzane babu. Hajiya ta ce tun yana aiki a masaƙa ya saye shi, wai ranar Lahadi in ya kunna ba mai isa ya taɓa masa. Ba mu da na'urar yanzu, sai na nemo a YouTube, wallahi kwana shida kenan shi nake ji har a cikin keke. Dan Allah manya, me ke cikin faifan nan da har yau bai tsufa ba? Kuma ina zan samu abin kunna shi a garin nan?

Baffa Tudun Wada:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Faifan ya fito ƙarshen 1976, ba a jima ba aka shiga FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a farkon 1977, shi kansa Stevie ya zo Legas ya yi wasa, mu kuma nan Kaduna aka kawo mana babban hawan daba, dawakai ko ta ina, Otal ɗin Durbar ma don bikin aka gina shi. Har lokacin da aka ba shi kyautar Grammy ta faifan shekara yana Najeriya, ta tauraron ɗan adam aka haɗa shi da Amurka. To ka ga mu gani muke kamar namu ne. Makaho ne fa tun yana jariri, shekararsa 26 kacal, amma shi ya rubuta, shi ya tsara, ganga da fiyano da harmonika duk yana taɓawa da kansa. Ka duba kwalin da kyau, asalinsa akwai ƙaramin faifai na uku mai waƙa huɗu, duka waƙoƙi 21 ne.

Maman Ummi:
Ni dai Isn't She Lovely ce tawa. 'Yarsa ya yi wa da aka haife ta, kuma sunanta Aisha! Ranar da na gane haka sai da na yi ƙwalla don lokacin ina jegon tawa A'ishar. Ka saurara har ƙarshe ƙanina, za ka ji yarinyar ana mata wanka tana surutu, uban yana lallashi. Abin da ke kowane gida ne, shi ya sa ko ba ka jin Turanci ka san me ake ciki.

Sadiq Kawo:
Ni sana'ata kenan haɗa kiɗa a sitidiyo, kuma gaskiya duk sanda na saka I Wish sai na ajiye abin da nake yi, ji yadda bes ɗin, wato jitar nan mai kaurin murya, yake tafiya kamar mutum na saukowa daga bene, hannu ne ya buga ba kwamfuta ba, akwai ɗan jinkiri da ɗan gaggawa da in ka gyara su abin ya mutu. Sir Duke kuma ƙahonin nan, yabon babban makaɗin jaz Duke Ellington ne, kamar yadda makaɗanmu ke wasa iyayen gidansu. Contusion ma jita ce zalla ta rok da jaz. Kuma da yawanmu mun san faifan ba mu sani ba, Gangsta's Paradise ta Coolio ta 1995 daga Pastime Paradise ta cikin faifan nan aka ɗauko kiɗanta. Abu ɗaya dai, wasu waƙoƙin sun cika tsawo, ana ta nanata amshi, nan kam ina tsallakewa.

Baffa Tudun Wada:
A'a Sadiq, wannan nanatawar ita ce daɗin, ku yaran yanzu minti biyu kuke so. Batun na'ura kuma, ɗana, ka leƙa wajen masu gyaran rediyo a Kasuwar Barci ka tambaya, amma kar ka yarda a ɗora maka tsohuwar allura, za ta cinye faifan. Kuma a tsaye ake ajiye shi, nesa da rana.

Ɗan Kakuri:
Amin Baffa, na gode ƙwarai. Na koma na duba, ƙaramin faifan yana nan a maƙale cikin kwalin! Asabar in sha Allahu zan shiga kasuwar, so nake Hajiya ta fara ji kafin kowa.