Ta riga ta iya karatu, sai na saya mata foniks?

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. 'Yata tana da shekara 5 da wata 7, a gida nake koyar da ita. Ban taɓa zaunar da ita don darasin karatu ba. Yayanta nake koya wa tana gefe tana wasa, wata rana kawai na ji ta ɗauki littafin Turanci tana karantawa. Yanzu ƙananan littattafan labari ba sa ba ta wahala. Sai dai in ta ci karo da doguwar kalma, harafin farko take kallo, ta ɗaga ido ta leƙi hoto, ta faɗi abin da ya zo bakinta, ta wuce abinta. Jiya "horse" ta ce masa "house", ko a jikinta. Rubutu kuwa, "said" ta rubuta "sed", "boat" ta rubuta "bot". Na saya mata tsarin foniks ne, wato na koyar da karatu ta hanyar haɗa harafi da sautinsa, ko ɓata lokaci ne tunda ta iya? In saye ne, wanne?

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya raya ta. Ni Jolly Phonics na yi wa nawa. Sauti 42 ne a rukuni 7, ana farawa da s, a, t, i, p, n, kowane sauti da motsin hannunsa da 'yar waƙarsa. Yara na so sosai. Amma nawa ba su san ko baƙi ɗaya ba lokacin. Taki da ke karanta labari, ki ce ta tsaya tana lanƙwasa hannu kamar maciji tana "sss"? Anya ba za ta yi miki dariya ba?

Maman Auta: Ai kin san hali. Mai baki ce, cewa za ta yi na mayar da ita jaririya.

Malamar Aji Ɗaya: Maman Auta, kada ki sayi komai tukuna. Yaro mai karatu iri biyu ne: akwai mai haɗa sauti, akwai mai hadda. Mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya haddace siffar kalmomi masu yawa, ya cike sauran da kintace, ki rantse ya gama iyawa. Ki gwada ta da kalmomin da babu su a Turanci. Ki rubuta a farar takarda, babu hoto: "vap", "chab", "blem", "floip", "splue", "jate". Ki gaya mata sunayen dodanni ne, don kada ta tsaya neman ma'ana. Wanda ya san sauti zai karanta su, mai hadda zai cije ko ya mayar da su wata kalmar da ya sani.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. A Ingila tun 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya irin wannan gwaji: kalma 40, 20 na gaske, 20 na ƙarya. Ki lura da inda take tuntuɓe, nan ne darasinki zai fara.

Baban Yara Uku: Ku yi mini afuwa, ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Shekara 5 fa! Ku bar yarinya ta yi ta karanta abin da take so. Babban ɗana ba wanda ya koya masa wata doka, ga shi nan yana rubutu lafiya lau.

Malamar Aji Ɗaya: Yallaɓai, akwai irin ɗanka, su kan tsinci ƙa'idar da kansu. Amma ba kowa ba. Mai kintace ba ya tonuwa sai ya kai shekara 8 ko 9, lokacin da hotuna suka ƙare a littafi, kalmomi suka koma gaɓa huɗu, gaɓa biyar. A lokacin kuma ɗabi'ar ta zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma ku tuna Turanci ba Hausa ba ne. Mu yadda ka faɗa haka ka rubuta, yaro na gane baƙi da wasali ya kama hanya. Su haruffa 26 suke ɗora wa sauti kusan 44. Ku dubi "ea" kawai: daban a "eat", daban a "bread", daban a "steak".

Baban Yara Uku: To Malama, na ji. Amma dai a sassauta, kada a kashe mata sha'awar littafi.

Antin Yara: Wannan magana ta Baba gaskiya ce, ni ta faru da ni. Na taɓa kwaso wani babban kunshi, ba zan ambaci suna ba, littattafai da katuna da faifai. Ɗana ya riga ya iya karatu, na ce sai mun fara daga shafi na ɗaya. Mako uku yana maimaita sautin da ya sani tun bara. Ya kai ga in ya ga na ɗauko akwatin sai ya shige ƙarƙashin tebur. Laifina ne, ni na ƙi tsallakewa.

Abin da ya fisshe mu shi ne shigowa ta ƙofar rubutu. Foniks ɗin dai ne, an juya shi: maimakon ya ga harafi ya faɗi sauti, sai ya ji sauti ya nemo harafi. Yaro mai karatu ba ya jin an raina shi, don rubutun dama yana ba shi wuya. All About Spelling muka ɗauka, mataki 7 ne, kamar minti 20 a rana. Akwai 'yan haruffa masu maganaɗisu da yaro ke jerawa a allo, sannan a yi shifta. An gina shi a kan hanyar Orton-Gillingham, wadda aka faro tun shekarun 1930 don masu wahalar karatu. Masu All About Spelling kan ce a fara daga matakin farko ko da yaro ya iya, amma abin da ya sani a wuce da sauri. Suna da na karatu ma, All About Reading, da gwajin gano matakin yaro a shafinsu. Ki sani dai ba abin da za ki miƙa mata ki tafi ba ne, sai kin zauna.

Maman Auta: Anti, zaman ne matsalar. Ga yayanta, ga goyo.

Maman Tagwaye: In haka ne duba Explode the Code. Littattafan aiki ne, 1 zuwa 8, da na rabi-rabi a tsakani don ƙarin maimaici. Zane ne baƙi da fari, yaro na yin shafi biyu shi kaɗai. Ba sai kin fara daga na ɗaya ba.

Malamar Aji Ɗaya: Yana da kyau, amma da sharaɗi. Yarinyar da ta saba leƙen hoto za ta iya cike shafi daidai ba ta furta komai ba. Ko kina goyo, ki sa ta karanta miki da ƙarfi.

Tunda kin ce mai baki ce, ina jin mai yawan "don me" ce. Irin waɗannan yara, tsarin Logic of English ne ke burge su. Yana koyar da haruffa da tagwayen haruffa 75 da dokokin rubutu 31, kuma yana ba da dalili. Me ya sa "have" ke da "e" a ƙarshe? Don kalmar Turanci ba ta ƙarewa da "v". Me ya sa "c" ke zama "s" a "city"? Don "e", "i" ko "y" na biye da shi. Ni kaina sai da na girma na san wasu. Amma yana da kauri, uwa ma sai ta yi bita kafin darasi.

Baban Yara Uku: Abu ɗaya ban ji an faɗa ba. Jolly na Ingila ne, sauran ukun na Amurka. Lafazi ya bambanta, rubutu ma: "colour" da "color". Ki duba wanda ya dace da littattafan da ke hannunki, kada ta ruɗe.

Antin Yara: Ka ga wanda ya ce a bar yarinya, ashe yana biye da mu!

Maman Auta: Na dawo, na yi gwajin bayan ta tashi barci. "Vap", "chab" da "blem" ta karanta su tamkar ta san su. "Jate" ta ce "jat". "Floip" ta ce "flop", na ce sake dubawa, ta ce wannan dodon ba shi da hoto ne? "Splue" kuwa ta ƙi ma gwadawa.

Malamar Aji Ɗaya: Alhamdulillah, ai kin samu amsa. Baƙaƙe da gajerun wasula sun zauna, ba ta bukatar tsarin 'yan fari. Tagwayen wasula ne da "e" ta ƙarshe suka rage, shi ya sa "boat" ya zama "bot". Ki ɗauki na rubutu, ko ki shiga littafin aikin daga inda aka fara waɗannan. In kuna karatu kuma, ki riƙa rufe hoton da tafin hannu har ta gama layin, sannan ki buɗe.

Maman Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan gwada na rubutun, minti goma dai tukuna, lokacin da ƙaramin ke barci. Anti, haruffan maganaɗisun nan, yaya kike yi da mai rarrafe?

Antin Yara: Ki rataye allon sama, inda hannunsa ba ya kaiwa. Ko ki yi amfani da manhajarsu ta waya, haruffan na ciki.