PS5 ko Xbox Series S? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan gem

Nura Inbata: Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya shigo zauren nan ya tambayi na'urar da zai saya, kafin ya rufe baki an ce masa PS5, babu mai tambayarsa irin wutar da yake da ita. PS5 tana jan kusan wat 200 idan ana buga babban gem, Series S kuwa wajen wat 80. Ku ɗauki batir ɗaya mai 200Ah, 12V. A takarda ƙarfinsa wat-awa 2,400 ne (200 sau 12), amma rabi ake sha idan ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. A haɗa da talabijin inci 32 mai cin wat 50. PS5 ba za ta kai awa 5 ba, Series S za ta haura awa 8 ko da an cire abin da inbata ke ci. Mai gidan gem da na'ura huɗu kuwa, PS5 za ta nemi wat 1,000 ita da talabijin, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, Series S huɗu 520 ne kacal. Amma 'yan koyo sun cika zaure, suna jefa mutane cikin kashe kuɗin mai.

Sagir Sony: Wa'alaikumus salam. Malam Nura, su waye 'yan koyon? Ka fito fili ka kama suna.

Abba Sharaɗa: Yaya Sagir, ai da mu yake. Wanda ya fara tun PS2 ya bi ta PS3 da PS4 shi ne ɗan koyo yau? Ɗan koyo shi ne wanda zai sa mutum ya sayi na'urar da ba ta da bakin faifai a ƙasar da ake auna data da cokali. Series S ba ta karɓar faifai ko kaɗan, ko kunna ta karon farko sai da intanet. Ma'ajiyarta 512GB ce a jikin kwali, abin da za ka iya amfani da shi bai wuce 364GB ba. Call of Duty ɗaya kan haura 100GB. Mai PS5 ta faifai zai ari faifan wasan ƙwallo na FC wajen maƙwabci, ya zura, ya buga ba tare da ya sauke komai ba, in ya gaji ya yi musaya ko ya sayar.

Nura Inbata: Abba, maganar wuta na kawo. Ka amsa lissafin batir tukuna.

Sagir Sony: Ba za a amsa ba sai ka janye kalmar. Ɗan koyo wanda bai san abin da yake faɗa ba ne. Mu mun san PS5 ta farko, ta Nuwamban 2020, tana da 825GB, ana samun wajen 667GB a ciki. Siririyar da ta fito a 2023 kuwa 1TB ce. A ma'aunin ƙarfin hoto da ake kira teraflof, PS5 10.28 ce, Series S 4. Ƙwaƙwalwar aikinta 16GB, taku 10GB. To wa ke koyo a nan?

Kamal Green: Sagir, haddace lamba ba shi ne sani ba, kuma irin wannan Malam Nura yake nufi. Idan teraflof ne abin taƙama, Series X, babbar yayar Series S, tana da 12, ta fi PS5, kuma farashinsu ɗaya suka fito, dala 499. Me ya sa ba ka ambace ta ba? Sannan ka duba talabijin ɗin da ke rataye a yawancin gidajen gem, inci 32 ne, da yawansu ko 1080p ba su kai ba. Hoton 4K da kake biya kuɗinsa ba zai taɓa fitowa a fuskarsu ba.

Abba Sharaɗa: Ka ga kai ma ka maimaita zagin.

Kamal Green: Koyo ba zagi ba ne ƙanina, kowa da koyo ya fara.

Sagir Sony: Idan an faɗa wa yaro ba zagi ba ne. Idan an faɗa wa wanda ke kwance na'ura ya ɗaura, raini ne. Ku gaya mini yadda ake ƙara ma'ajiya mu ga ɗan koyo. A PS5 za ka kashe ta gaba ɗaya, ka zare wayoyi, ka cire ƙafarta, ka zame murfin gefe. Akwai ƙaramin murfin ƙarfe mai noti ɗaya, ka kwance shi. Ka matsar da ɗan zoben da ke ciki zuwa ramin da aka rubuta 80 idan SSD ɗinka, wato katin ƙarin ma'ajiyar, mai girman 2280 ne. Ka zura shi a karkace, ka kwantar, ka ɗaure. Dole ya zama M.2 NVMe na PCIe 4, Sony ta ba da shawarar mai gudun 5,500MB a daƙiƙa ko fiye, da ƙarfen shan zafi a jikinsa, kaurinsu duka kada ya wuce milimita 11.25, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Kowane kamfani ka ga dama ka saya. Ku kuwa sai katin Seagate ko na WD da aka yi wa Xbox kaɗai, kuma ya fi tsada.

Kamal Green: Namu a baya ake soka shi kamar filas, ba sukurdireba, ba buɗe murfi. Duk wannan dogon bayanin naka shi ne aibin.

Injiniya Ɗanjuma: Ku duka biyun ku gaya wa mutane abin da kuka tsallake. Babban faifan ajiya na USB ba ya buga sababbin wasanni a kowace cikinsu. A PS5 yana buga na PS4 ne kawai, na PS5 sai dai ajiya. A Xbox ma haka, na Xbox One da 360 yake bugawa, waɗanda aka yi wa Series sai an mayar da su ciki. Mutane na sayensa da zaton sun huta, su tarar kwafe-kwafe ne ya ƙaru.

Anti Rabi: Don Allah 'yan'uwa, ta hannu nake so in saya wa yara. Me zan duba kafin in biya?

Injiniya Ɗanjuma: Anti, kada ki biya sai an kunna a gabanki an buga gem na minti 30 aƙalla. Ki sa kunne a fanka, ki taɓa iskar da ke fita ta baya. A girgiza wayar HDMI a hankali, idan hoto ya ɗauke bakin ya kwance, kuma gyaransa sai da injin hura zafi. A haɗa ta da intanet a shiga asusu, domin akwai na'urorin da kamfani ya toshe, ba za su ƙara shiga layi ba. A duba notuna da tambarin da ke rufe su ko an taɓa buɗewa. Hannun gem kuma a ajiye shi a tebur cikin wasa, idan ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai sandar ta fara ja.

Abba Sharaɗa: Tunda an zo kan hannu, a shekarar nan wani yana sayen batirin rediyo guda biyu don ya buga gem, kuma yana kiran wasu 'yan koyo.

Kamal Green: Batirin AA ɗin nan shi ne gatan mai gidan gem. Ka sayi masu caji guda takwas da cajarsu, biyu suka mutu ka canza cikin daƙiƙa goma, layi bai tsaya ba. DualSense, hannun PS5, batirinsa a ciki yake, da ya yi sanyi sai a ɗaure shi da waya, yara su yi ta fizga har bakin cajin ya lalace.

Sagir Sony: Amma ka taɓa jin yadda maɓallan baya na DualSense ke yin tauri idan ɗan wasa ya gaji? Naku babu wannan.

Injiniya Ɗanjuma: Wannan taurin ɗan ƙaramin inji ne mai haƙora a ciki ke kawo shi, kuma ƙarin abin lalacewa ne. Jan sanda kuwa duka biyun suna yi, don ƙirar ɗaya ce: wani ɗan ƙarfe ke goga a kan layin gawayi, yau da gobe ya cinye shi, ƙura ta ƙarasa. Fesa mai wanke na'ura yana ɗaga ƙafa na ɗan lokaci ne. Gyaran gaskiya a cire sandar duka, ƙafa 14 ne za a narke darmarsu, a sa mai maganaɗisu wadda ba ta goga, sannan a saita tsakiyarta.

Musbahu PES: Ni duk ba wannan ba. Ɗan koyo na gaskiya shi ne mai cewa FIFA har yau, bayan an daina sunan tun FIFA 23, ya koma FC a 2023. Kuma ƙwallon gaske yana wajen Konami, kamfanin da ya yi PES, wadda ta koma eFootball. eFootball kyauta ne a PlayStation da Xbox tun 2021.

Abba Sharaɗa: Kyautar da ba a iya zama da ita ba data? PES 2021 ce ta ƙarshe mai mutunci, ita ma faifanta PS5 na karɓa, Series S sai dai ta kalla.

Musbahu PES: Series X na karɓar na Xbox One.

Abba Sharaɗa: Ba a kan X ake magana ba.

Nura Inbata: Ba a kan PES ake magana ba ma. Wat 200 da wat 80 na ce. Ko mutum ɗaya bai ƙaryata ni ba.

Sagir Sony: Kamfanin naku ma ya sallama. Microsoft mai Xbox ta sayi Activision, masu yin Call of Duty, a 2023, amma ta sa hannu Call of Duty zai zauna a PlayStation shekara 10. Wasan Xbox Sea of Thieves ya zo PS5 a 2024, Forza Horizon 5 ya biyo a 2025. Wasannin Sony God of War Ragnarök da Spider-Man 2 kuwa ba ku gan su ba. Game Pass ɗin da kuke taƙama da shi, tsarin hayar wasannin Xbox na wata-wata, a Oktoban 2025 aka kai babbansa dala 29.99 a wata, kuma wasan ba naka ba ne, kuɗi ya ƙare ya kulle.

Kamal Green: Kai ma sai ka biya PS Plus, tsarin biyan kuɗi na Sony, kake buga FC a layi. Kuma da asusun Amurka ko Ingila dukanmu muke shiga, muna sayen kati da dala. Kai naka ma ya fi sarƙaƙiya, faifan Turai da asusun Amurka ƙarin kayan wasan da ka saya ba zai hau ba.

Injiniya Ɗanjuma: Hunturu na tafe, masu PS5 ku cire murfin gefe ku zuƙe ƙurar ramukan da aka tanada, ku bar tazarar santimita 10 daga bango. Ni a kwance nake ba da shawarar a ajiye ta, saboda ruwan ƙarfen da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da mashayin zafi.

Sagir Sony: Injiniya, da girmanka. Sony da kanta ta yi mata ƙafar tsayuwa. Jita-jitar 'yan Xbox ce wannan.

Alhaji Bala, shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan masana a nan sun tafi a kan PS5 mai faifai: ana aron wasa, ana sayarwa, ƙarin ma'ajiya ya fi sauƙin kuɗi, kuma wasannin Xbox ma suna zuwa mata. Series S ba ta da faifai, cikinta ƙarami ne, tana shan data. An yaba batirin hannun Xbox, wannan ƙaramin abu ne. Anti Rabi, ki nemi PS5 ki bi matakan da Injiniya ya lissafa. Malam Nura, kalmar da ka yi amfani da ita ba ta dace da manyan zauren nan ba, muna jiran ka janye.

Nura Inbata: Ranka ya daɗe, a cikin taƙaitawarka babu batir, babu janareta. Anti Rabi, kafin ki biya ki faɗa mana batir nawa ne a solar gidanku.