Girafin murɗaɗɗe: falle biyu ko falle uku?

Ɗalibar Fizis: Salamu alaikum malamai. Firijinmu na gwaji ba ya sauka ƙasa da Kelbin 1.5 (ma'aunin zafi da ke farawa daga matuƙar sanyi), hBN ɗinmu (boron nitride, fallen da ake rufe girafin da shi) kuma kaɗan ne. Ina son ganin turjiyar lantarki ta faɗi sifiri. In haɗa girafin (fallen kabon mai kaurin atom ɗaya) falle biyu a murɗe da kusurwar digiri 1.1, ko falle uku a 1.56?

Mai Madubi: Ki yanka fallen da tsinin AFM (na'urar duba ƙananan abubuwa mai siririn tsini), kada ki yaga shi. Yaga na ja wa girafin miƙewa, kusurwar ta bambanta wuri-wuri. In falle biyu ne, ki murɗa zuwa 1.2 ko 1.3, domin tana komawa baya da kanta.

Injiniya B.: Wane yanka? Zafi ne ke kashe aiki. Ana narka PC, robar da ake ɗaukar fallen da ita, a zafin wajen digiri 180 na Selsiyas, falle ya zame, kusurwar ta koma sifiri. Wata guda ana haɗawa, a sanyaya, sai ga girafin falle biyu na gama-gari: ba katsewar lantarkin da ake sa ran gani a ilektaron biyu kowane gida na zanen da murɗawar ke haifarwa, ba komai. Ga kumfa tsakanin fallaye. Ga asarar hiliyam ɗin sanyaya firiji. Cikin goma da wuya biyu su yi.

Mai Madubi: Wannan hannun mai haɗawa ne, Injiniya.

Dattijo: Masana Bistritzer da MacDonald sun lissafo kusurwar da ake kira ta sihiri, kusan digiri 1.1, tun 2011. Faɗin gidan zanen kusan nanomita 13, ilektaron sai su yi nauyi, turereniyarsu ta rinjayi gudunsu.

Injiniya B.: Ranka ya daɗe, masu lissafi ba sa riƙe salatif. A bar masu ɗakin gwaji su yi magana.

Sarkin Barkwanci: Kusurwar sihiri dai, ko boka za a kira? 😂

Hajiya Dakta: 'Yar uwa, ba wanda ya duba firijinki. Rukunin Jarillo-Herrero a jami'ar MIT sun samu faɗuwar turjiyar falle biyu a Kelbin 1.7 a 2018, da kyar za ki ga farkon faɗuwar. Falle uku ya kai kusan 2.9 a 2021, amma sai fallen sama da na ƙasa sun daidaita. Kuma kada girafin ya jeru da hBN, in ba maganaɗisu kike nema ba.

Mai Madubi: Ta sayi hBN na kasuwa mana, arha ne.

Injiniya B.: Arha? Mai tsabta ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Na Watanabe da Taniguchi a cibiyar bincike ta NIMS a Japan kowa ke nema.

Dattijo: Hiliyam ɗin ma fa? Ku da ba ku da injin mayar da shi ruwa, yaya kuke yi?