Amsa-kuwwa ta hana a ji magana a zauren wasan kwaikwayo

Assalamu alaikum, injiniyoyi da magina. Muna mayar da wani tsohon sito a Sakkwato zauren wasan kwaikwayo na unguwa. Tsawonsa mita 24, faɗi 12, tsayi 6, bangon bulo da filasta, rufin kwano ba silin. Daga layi na shida zuwa baya, maganar ɗan wasa cakuɗewa take yi, domin sautin yana dawowa daga bangon baya da kwanon. Labule mai kauri ya rage kaɗan kawai.

Shin audugar gilashi mai kaurin santimita 5 a ƙarƙashin kwano za ta isa, ta kuma tare zafin Afrilu da ƙarar ruwan damina? Ko sai an yi silin mai huji-huji da sarari a bayansa? Soson katifa dai mun ƙi shi saboda gobara. Don Allah a ba mu shawara.