Jona datar waya da kwamfuta ta kebul

A hirar masu gyaran waya a Garwa ta ƙasar Kamaru, bakinsu ya zo ɗaya kan kebul: wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kuma su suka fi cika kasuwa. A nemi mai kyau tukuna. A wayar Android, sai an jona kebul ɗin sannan maɓallin raba intanet ta USB zai yarda ya kunnu. Mai iPhone kuwa sai ya sa manhajar Apple, wato iTunes ko Apple Devices, a kwamfutarsa mai Windows.

Sun fi jan kunne kan Windows, don da ta ga intanet sai ta hau sabunta kanta, ta lashe datar MTN ko Orange kafin ka ankara. A saita mata layin intanet ɗin a matsayin mai iyaka (metered connection), don ta rage cin data. Daɗin abin, waya tana caji tana aiki.