Gudu ke cinye ringi ko jan mashin da giya huɗu?

Na Badariya:
Assalamu alaikum. Ina kabu-kabu a Birnin Kebbi da Boxer ɗin yayana, kuma kullum gardamarmu ɗaya ce. Shi dai da mashin ya ɗaga, a jera giya har huɗu a bar shi yana lallaɓawa, wai haka inji ke daɗewa. Ni kuwa in na ji yana ƙwanƙwasa a ƙarƙashina sai in rage giya in ba shi wuta. In na samu fasinjan Jega kuma, totur a murɗe yake har mu isa. Yanzu salansa ta fara hayaƙi shuɗi-shuɗi da safe, ya ce ni na cinye masa ringi, wato zoben da ke jikin fistin. Don Allah masu sani, wa ke da gaskiya?

Baba Makaniki Argungu:
Wa alaikumus salam ɗana. A cikin gari kai ke da gaskiya, a hanyar Jega yayanka ke da ita.

Wannan ƙwanƙwasar da kake ji, inji ne ke wahala. In ka ɗauko mutum biyu, ko buhun shanshera, kana giya huɗu a hankali kana ƙara totur, kowace fashewar mai tana dukan fistin da ƙarfi alhali shi ba ya sauri. Duk nauyin yana sauka kan konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, da boris ɗinsa. Ga shi famfon baƙin mai inji ne ke juya shi, in inji na tafiya a hankali shi ma kaɗan yake turawa. Nauyi ya yi yawa, mai ya yi kaɗan. Kamar a ɗora wa jaki kaya ne a hana shi ruwa. Irin mashinan da ake ɗaukar albasa da su a Aliero, yawancin waɗanda na buɗe ba gudu ya kashe su ba, wannan jan ne.

Gudu ma yana da nasa. In inji na juyawa sau 6,000 a minti, fistin na hawa da sauka sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane hawa sai ya tsaya cik ya juyo. In ka ninka saurin juyawar, ƙarfin fizgar da konrod ke sha ninki huɗu yake yi. Amma abin da ya fi damuna da tafiyarka ta Jega zafi ne. Boxer ba shi da lagireto, iska kawai ke sanyaya shi. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka riƙe totur a ƙarshe tun daga Birnin Kebbi, baƙin mai sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ringi ya fara gogar bulo, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, kai tsaye. Ka riƙa sassauta hannu, ka bar wa totur ɗan saura. Fasinjan ba zai makara ba.

Maganar hayaƙi kuma, kada ku yi saurin sayen ringi. In da safe kawai yake yi, in inji ya ɗumama ya daina, sau da yawa robar bawul ce, mai hana baƙin mai zurarewa ta bawul, ta bushe, mai ke ɗiga ciki da dare. In kuwa duk lokacin da ka ba shi wuta sai ya turo hayaƙi, to nan ne za a zargi ringi.

Ɗan Zuru:
Baba ya gama magana, amma ni a ganina duk biyun ba su kai ƙura ɓarna ba. A cire soson iska na rabin 'yan kabu-kabun garin nan a gani. Wani ya yage, wani ya bushe ƙarau babu ko ɗigon mai, wani ma an cire shi gaba ɗaya wai don mashin ya ja. Lokacin hunturu rairayin nan duk ciki yake shiga, ya haɗu da baƙin mai ya riƙa cin bulo. Sai na biyu: buga kik da asuba a hau murɗa totur wuu-wuu don maƙwabta su ji. A lokacin mai bai kai sama wajen bawul ba tukuna. Minti ɗaya ya isa ka bar shi a silo, yana aiki ba ka murɗa totur ba, sannan ka tashi a hankali.

Na Badariya:
Na gode ƙwarai Baba. Hayaƙin da safe ne kawai, kafin in kai bakin kasuwa ya ɗauke. To juyen baƙin mai fa? Wani ya ce in riƙa zuba baƙin man mota, ya fi tsada don haka ya fi kyau.

Baba Makaniki Argungu:
Tsada ba ita ce magana ba. A mashin irin naka, inji da giya da faifan kuloci duk mai guda suke sha. Wasu man mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya fara zamewa. Nemi 20W-50 na mashin, wanda aka rubuta 4T ko JASO MA a jikin galan, a rufe da hatiminsa, ba na kwalbar bakin titi ba. Wajen lokacin juye kuma, mai kabu-kabu ba ya bin lissafin wanda ofis kawai yake zuwa da mashin. Ka zaro sandar awo kowace safiya, lita ɗaya ce kacal a ciki, in ta ragu babu wani ajiyayye. Ka kuma daina riƙe rabin kuloci a cunkoso, garin faifan cikin man nan yake zuba.

Ka ce wa yayanka in ya ji ƙwanƙwasa ya sauko giya uku. Robar bawul kuma ku kai a duba kafin ta jiƙa muku fulogi.