Fim ɗin ban tsoro mai gajerun labarai: jini ya yi yawa amma maki ya yi kaɗan, mene ne dalili?

Ɗan Bawadi (Jidda):

Assalamu alaikum, yayyena. Tambayata a kan finafinan ban tsoron nan ce da ake haɗa gajerun labarai uku ko biyar a fim guda, masu ƙaramin jari da yawan zubar jini. Na kasa gane yadda masu kallo ke yanke musu hukunci. Sai ka ga fim ɗaya a IMDb, shafin da masu kallo ke ba finafinai maki, wani ya ba shi 8 cikin 10, wani ya ba shi 2, kuma dukkansu masu son irin wannan fim ne. Da me ake auna su? Sannan in matasa a nan Jidda suka tara kamar riyal dubu 15 za su yi labari uku da Hausa don YouTube, ina ya kamata kuɗin ya fi tafiya, wajen jini da rauni ko wajen kyamara?

Malam Mai Tace (Riyad):

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rabuwar makin daga ginin fim ɗin take. Wanda ya ba da 8 labarin da ya fi razana shi yake tunawa, ya yafe sauran. Wanda ya ba da 2 kuwa labarin da ya gundure shi ne ya tsaya masa a rai, musamman in shi ne na farko ko na ƙarshe. Kaɗan ne ke zama su ba kowane labari makinsa sannan su raba, duk da cewa a shafin sharhin finafinai na Letterboxd za ka ga wasu na jera labaran ɗaya bayan ɗaya da taurarinsu. Irin wannan sharhin shi ne mai amfani, shi za ka riƙa nema.

Saboda haka jeri ya fi komai. Labarin da ya zo na biyu a ƙarfi shi ake buɗewa da shi, mafi ƙarfi a rufe da shi, mai rauni a cusa shi tsakiya kuma a rage masa tsawo. In labari uku ne, kowanne kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Labarin da za a iya faɗa a minti 8 in aka ja shi ya kai 25 ya mutu, ko da an zuba masa bokitin jini.

Sai labarin da ke ɗaure su, wanda ake komawa gare shi tsakanin wannan da wancan. Mu Hausawa ba baƙonmu ba ne: kaka ce zaune da jikoki bayan isha'i, ta gama ta Dodo ta shiga ta Gizo. Masu ƙaramin jari nan suke yin sakaci, su ɗauke shi a rana ɗaya don kawai a cike gurbi, mai kallo kuma yana ganewa. Dead of Night na Ingila da ya fito a 1945 har yau ana ambatonsa ne saboda labarin ɗaurin shi kansa abin tsoro ne, kuma shi ke haɗiye sauran a ƙarshe. A ɗaya gefen akwai The ABCs of Death na 2012, labari 26, kowane harafi da nasa, an ba kowane labari dala 5,000, wato riyal 18,750. Babu labarin ɗauri sai haruffa, kuma ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne hawa da sauka: wannan ya yi kyau ƙwarai, na bayansa ba ya kalluwa. Ka lura kuɗin labari ɗaya a can ya fi duk abin da kuka tara, don haka kada ku wuce uku.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: in daraktoci daban-daban ne suka ɗauka, to mutum ɗaya ya gyara launi da ƙarfin murya na dukkan labaran. In ba haka ba, mai kallo zai yi ta ƙara murya yana ragewa, ya ji kamar faifai uku aka liƙa masa.

Hajiya Mai Kwalliya (Jidda):

Ɗana, jini ba ya cin kuɗi, rashin gwaji ne ke cin sa. Ga haɗin da ke aiki, duk kayan suna shagon masu kayan kek:

Ruwan gulukos mai kauri rabin lita, ruwan ɗumi rubu'in kofi, jan kalar abinci babban cokali 2, shuɗiyar kala ɗigo 2 ko 3, garin koko babban cokali 1. A fara dama kokon da ruwan ɗumin har gudaji su mutu, sannan a zuba a gulukos ɗin, kala ta zo a ƙarshe. Shuɗin ɗigo-ɗigo ake sa shi ana dubawa, domin in ya zarce jinin ya koma kalar makuba, kuma ba ya dawowa sai an ninka haɗin.

Ja zalla shi ne kuskuren kowane sabon hannu. A ido yana kama da jini, a kyamara sai ya fito kamar lemon kwalba. Koko ne ke kashe masa sheƙi ya hana haske ratsa shi. In babu koko, cokali ɗaya na dibis, wato ruwan dabino mai kauri, yana yi, amma kada a yi jinin gaba ɗaya da dibis, baƙi zai fito. Zoɓo kuma a bar shi a kofi: ba shi da kauri, a farar tufa yana komawa shunayya.

Kuma jini ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke tsartuwa a take ja ne mai haske, sai a ƙara ruwa a rage koko. Wanda ya kwanta a ƙasa ya fi duhu da kauri. Wanda ya kwana a riga ruwan ƙasa ne, ba ja ba. Masu kallon da suka saba suna kama wannan nan take: an ce abu ya faru jiya, ga jini yana ƙyalli kamar yanzu aka zuba.

Wanda za a zuba a tufa a ɗiga masa ƙaramin cokali na sabulun wanke kwano, yana sa ya shiga yadi maimakon ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, kuma yana sauƙaƙa wanki. Wanda zai shiga baki a haɗa shi daban, babu sabulu, a rubuta a jikin robar. Babu wanda ake sa wa a ido. Farar jallabiyar da za a ɓata a saye ta kala ɗaya guda 3, domin in ɗaukar farko ta lalace ba za a zauna jiran wanki ba. A shafa Vaseline kaɗan a fata kafin a zuba, kumfar aski kuma tana cire jan da ya kama.

Tsartuwa: sirinji mai mili 60 da siririn tiyo irin na tankin kifi, a bi da shi ta cikin riga a manne da filasta, mai matsawa ya tsuguna bayan kyamara. A cika tiyon har bakinsa kafin a ce a fara, in ba haka ba iska ce za ta fara fita tana tofi. A matsa a saki, a matsa a saki, kamar bugun zuciya.

Yanzu maganar garinmu. Raunin jelatin, wato jelatin da gilisarin da ruwa daidai wa daida a narka, yana da arha kuma yana motsi kamar nama, amma yana fara saki da zarar zafi ya haura digiri 35 ko kusa da haka. Da zafin Jidda da gumi da fitila, kafin a gyara kyamara ya zame daga kumatu. A ajiye shi a kula mai ƙanƙara, a manna shi daf da ɗauka, a nemi jelatin na saniya mai tambarin halal. In a waje za a yi, gara ruwan latas (latex, wato ruwan roba) da takardar tishu, shimfiɗa 3 ko 4, kowacce ta bushe kafin ta gaba, sannan a yaga tsakiya a cika da jini mai duhu. Sai dai wasu jikinsu ba ya karɓar latas, don haka a gwada ɗigo a cikin damtse kwana ɗaya kafin nan, kuma kada ya taɓa gira ko gemu. Sukarin nan kuma yana kiran ƙuda da kiyashi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a goge da ruwan ɗumi tun bai bushe ba.

Abu Sauti (Madina):

Hajiya ta gama magana a kan jini. Ni dai ina ganin ko ɗaya cikin biyun da ka lissafa ba shi ne ya kamata ya ci kuɗin ba, ɗan'uwa. Sauti ne. Mutane na yafe hoto mai dishi-dishi, har wasu finafinan kan mayar da shi salo, kamar V/H/S na 2012 da aka yi shi tamkar tsofaffin kaset ne aka tsinta. Amma muryar da ke amsa-kuwwa a ɗaki ba a yafe ta.

A yi hayar makirfo na maƙalawa a riga guda 2 da rakoda, a ɗauka a kan kilohaz 48, allurar murya a rakoda tana kaiwa wajen desibel -12 don ihu ya sami wurin hawa ba tare da ya fashe ba. A kashe mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da firji lokacin ɗauka, duk da zafi, sannan a naɗi shirun ɗakin na minti 1 don cike gurabe wajen tacewa. Ƙarar rauni daga baya ake yinta a ɗaki shiru: kabeji ko kankana da wuƙa don sara, karas ko seleri don karayar ƙashi, jiƙaƙƙen tsumma a matse don nama. Rabin abin da mai kallo ke rantsuwa ya gani, jin sa ya yi.

Ku kula da wuta. Ta Saudiyya haz 60 ce, ta Nijeriya da Sudan 50. Kyamarar da aka saita a kan hoto 25 a daƙiƙa da shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) 1/50 za ta riƙa kyaftawa ƙarƙashin fitilun gida a nan. A mayar da shata 1/60, a gwada a kalla a babban allo kafin ranar aiki.

Ɗan Bawadi (Jidda):

Allah ya saka da alheri. To amma ai masu son irin wannan fim jinin suka zo gani. In aka rage shi ba za su ce an cuce su ba?

Malam Mai Tace (Riyad):

Ba ragewa aka ce ba, ajiye shi za a yi inda zai yi aiki. Kowane labari ya sami babban wuri ɗaya da aka kashe wa lokaci da gwaji, a gina tsoro har a iso shi. Raunin roba yana jure daƙiƙa 1 zuwa 2 a allo. In ya kai 5 ido ya fara ganin bakin latas ɗin. Don haka a nuna wuƙa, a yanke zuwa fuskar wanda ke kallo, a dawo kan raunin a taƙaice da haske daga gefe, sauti ya ƙarasa. Mai son jini ma abin da yake yabawa shi ne dabara, yana tambayar kansa yaya aka yi wannan. Jinin kwamfuta mai arha kuwa shi suka fi tsana, don ba ya jiƙa tufa, yawo yake a saman hoto.

Masu kallonmu kuma suna da nasu ma'aunin. Labarin maye da kurwa, ko gidan da aka ce ba a kwana a cikinsa, yana kama Bahaushe fiye da mai abin rufe fuska da zarto. Wasa da ayoyi ko ruƙiyya, ko wulaƙanta gawa mai likkafani, zai sa a bar maganar fim a koma kanku, kuma da gaskiyar masu faɗan.

Ku ɗauka a rufaffen wuri, kamar istiraha, wato gidan shaƙatawa, da aka yi haya da sanin mai ita. Ɗauka a titi tana buƙatar izini, kuma mutum jina-jina da wuƙar roba a bakin hanya zai tara jama'a da 'yan sanda. YouTube kan sa wa irin wannan iyakar shekara 18, talla kuma ta ragu ko ta tsaya, don haka kada ku sa kuɗin talla a lissafi. Da ni zan raba dubu 15 ɗin: dubu 4 sauti, 3 fitilu da hayar wuri, 3 tacewa da gyaran launi, 2 kwalliya da tufafi, 2 abinci da mota, 1 a ajiye don ranar da za a sake ɗauka. Kyamara a yi aro, ko a yi da waya mai kyau a kan ƙafa uku.